'Yar magen da nake shayarwa da sirinji tana ta amai, me zan yi?

"Assalamu alaikum likita. Dan Allah a taimaka min. Kwana biyar kenan da na tsinci wata 'yar mage a bayan ɗakinmu, uwar ta mutu, 'yan uwanta biyu ma na same su sun riga sun mutu, ita kaɗai ce da sauran rai. Idonta bai fi kwana uku da buɗewa ba. Ina dama mata madarar gari irin wacce muke sha ina ba ta da sirinji mai mil 10, takan sha ɗaya da rabi, sau huɗu ko biyar a rana, ina rungume ta a hannu kamar jariri. Tun jiya da yamma ta fara amai, yau sau uku kenan, sau ɗaya ma har ta hanci madarar ta fito. Cikinta ya ɗan kumbura kuma kukan nata ya rage ƙarfi. Duk sanda ta yi aman sai in ƙara mata don kar yunwa ta kashe ta. Me nake yi ba daidai ba? Akwai maganin amai da zan ba ta?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Wanda bai taɓa rainon 'yar mage da hannu ba ba zai gane wahalar da ke ciki ba, kuma yadda kika kai ta kwana biyar da rai bayan 'yan uwanta sun tafi ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Bari in maimaita abin da na fahimta, in akwai inda na kauce ki gyara min. Marainiya ce, idonta ya buɗe kwana uku da suka wuce, kenan kwananta a duniya bai wuce 10 zuwa 14 ba tunda galibi ido kan buɗe ne tsakanin kwana 7 zuwa 10. Tana shan mil 15 na madarar shanu a zama ɗaya, a rigingine, sau huɗu ko biyar a yini. Yanzu ga amai, ga kumburin ciki, ga murya ta fara dusashewa.

Abu na farko, dan Allah ki ajiye sirinjin nan tukuna. Na san zuciyarki ce ke cewa ta amayar da abin da ta sha bari in mayar mata da gurbinsa, kowa ma haka yake ji, amma wannan ƙarin da ake yi a kan amai shi ne abin da na fi gani yana kashe su. Cikin da ya dawo da madara yana gaya miki ne cewa ko dai ya cika, ko kuma ya tsaya da aiki, kuma a duka biyun in kika ƙara zubawa sama zai dawo, daga maƙogwaro kuma huhu ne kusa. Yanzu dai ki ɗauke ta ki taɓa tafin ƙafarta da kunnenta, ki saka ɗan yatsanki mai tsafta a bakinta. In kin ji sanyi, to ɗumi take buƙata kafin komai, zan zo kan wannan da kyau a ƙasa. Sannan ki nemi likitan dabbobi yau ɗin nan, kar ki bari sai gobe, amai uku da kukan da ya rage ƙarfi a 'yar sati biyu abu ne na awoyi.

Amai ne ko tumbuɗi

Mutane kan haɗa su duk su ce amai, mu kuwa a wajen aiki muna raba su don kowanne da inda yake nunawa. Tumbuɗi shi ne madara ta gangaro daga baki ko hanci ba tare da wani yunƙuri ba, yawanci ana gama sha ko ma ana cikin sha, kuma tana fitowa fara kamar yadda ta shiga. Shi kuwa amai za ki ga cikin yana motsi yana tattarewa, tana miƙa wuya tana kakari, abin da zai fito ya tsinke ya yi gudaji-gudaji da warin tsami, wani lokacin da kumfa ko ruwan ɗaci rawaya. Tumbuɗi galibi daga hannun mai shayarwa ne, an ba da yawa ko an ba da sauri ko ta haɗiyi iska. Amai na gaske, musamman wanda ke zuwa awa ɗaya ko biyu bayan sha, shi ke sa in fara tunanin sanyi ya tsayar da hanji, ko madarar ba ta karɓe ta ba, ko cuta. In ta sake yi ki ɗauki bidiyo da waya, ki ɗauki hoton abin da ya fito kafin ki goge, zai taimaki likitan da zai duba ta fiye da duk bayanin baki.

Daga yadda kika faɗa ina zaton duka biyun ne suka haɗu a wajenki.

Cikin nata bai kai yadda kike zato ba

A nan zan ɗan daɗe don nan ne nake ganin tushen matsalar. 'Yar mage ana haifarta da nauyin giram 100 ko kusa da haka, kuma mai lafiya tana ƙara giram 10 zuwa 15 a kullum, kin ga 'yar sati biyu za ta haura giram 200, wacce ta sha wuya irin taki ma ƙila ba ta kai ba. Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce ciki yana ɗaukar mil 4 ne kacal a kan kowane giram 100 na nauyin jiki a sha ɗaya. To mu ɗauka giram 200 ce, iyakarta mil 8 kenan. Ke kuma mil 15 kike ba ta, kusan ninki biyu. Ina ragowar za ta je?

Abin da ke ruɗar mutane shi ne ai ta sha, ai ba ta ƙi ba. Ita a wajen uwarta tsotso take yi kaɗan-kaɗan, ta sha ta yi barci da nono a baki ta farka ta ƙara, dare da rana, nonon ba ya zuwa sai ta ja da ƙarfinta. Sirinji kuwa ke ce ke turawa, ita aikinta haɗiya kawai, kuma ba ta san ta ce ya isa ba sai cikin ya yi tam. Shi ya sa ba a bin yunwarta, sikeli ake bi. Ki samu ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ki ɗora kwano ki mayar da shi sifili ki saka ta ciki, kullum a lokaci ɗaya, ki rubuta a takarda. Ni ban taɓa karɓar rainon marainiya ba tare da sikeli da littafi a gefen kwalinta ba, domin ranar da nauyi ya tsaya ko ya ragu ita ce ranar da matsala ta fara, tun kafin ido ya ga komai.

A yini guda, wato awa 24, abin da take buƙata na madarar maguna da aka dama daidai kusan mil 28 zuwa 30 ne a kan kowane giram 100. Mai giram 200 kenan wajen mil 55 zuwa 60. Ki raba shi gida takwas, mil 7 duk bayan awa uku, har da tsakar dare. Ki duba ki gani, jimlar abin da kike ba ta a yini ba ta yi nisa da wannan ba sosai, rabon ne bai yi ba. Kina barin ta da yunwa awa biyar ko shida, da daddare ma ƙila fiye, sai ta zo a haukace ta zuƙa da iska da komai, cikin ya cika ya wuce ƙima. 'Yar satin farko duk awa biyu ake ba ta, daga sati biyu zuwa uku duk awa uku zuwa huɗu, sai ta kai sati huɗu ake iya jan lokaci. Barcin dare kam sai haƙuri na ɗan wannan lokacin, ki saka alam.

Bayan kowane sha ki kwantar da ita a tafin hannunki ko a kafaɗa ki riƙa shafa bayanta a hankali har ta yi gyatsa. Sannan akwai aikin da uwa ke yi da harshe wanda yanzu ya dawo kanki, ba ki ambace shi a tambayarki ba shi ya sa nake zargin ko ba a gaya miki ba. 'Yar mage ba ta iya fitsari da kashi da kanta sai ta kai sati uku zuwa huɗu. Ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki riƙa shafa mata ƙasan wutsiya a hankali kafin sha ko bayan sha, fitsari zai zo nan take a kowane lokaci, kashi kuwa sau ɗaya a rana ko makamancin haka, launin rawaya mai ɗan kauri. In ba a yi mata haka ba komai taruwa yake, ciki ya kumbura ya yi tauri, abin da bai samu hanya ta ƙasa ba sai ya nemi ta sama. In ta wuce kwana biyu ba kashi kar ki yi mata wata dabara da kanki, likita ne zai duba.

Sanyi

Wannan ne mutane suka fi rainawa, ni kuma shi na fi tsoro. 'Yar mage ba ta iya riƙe ɗumin jikinta da kanta sai wajen sati huɗu, a makon farko ko rawar ɗari ba ta iya yi, jikin uwa da cunkoson 'yan uwa ne bargonta. Taki ta rasa duka biyun. Zafin jikinsu a satin farko tsakanin digiri 35 zuwa 37 ne, a sati na biyu da na uku 36 zuwa 38. Da zarar ya sauka ƙasa da wajen 34 da rabi sai hanji ya daina motsi gaba ɗaya. Madarar da kika zuba ba ta narkewa ba ta wucewa, tana nan zaune tana tsami tana tara iska, ciki ya kumbura, sai amai. Kuma ba sai lokacin sanyi ba, daɓen siminti ko tayil, fanka, ko jikinta ya jiƙe da madara ba a goge ba, duk suna iya jawo wannan ko da ke kina jin zafi.

Ba zan manta wata da aka kawo min ba a farkon fara aikina, baƙa mai farin tabo a ƙirji, an tsince ta da asuba. Na ga yadda ta rame, haƙarƙarinta duk a waje, sai tausayi ya kama ni na dama madara na ba ta nan take, ban tsaya na auna zafin jikinta ba alhali tafin ƙafarta kamar an ciro daga firji. Ta haɗiye mil uku. Ba a yi awa ɗaya ba cikin ya tashi, madarar ta dawo ta hanci, zuwa yamma numfashinta ya koma wani ƙara-ƙara, washegari ta mutu a hannuna. Har yau in na tuna abin yana min ciwo, don da na jira na ɗumama ta awa ɗaya ko biyu da ƙila ta rayu. Tun daga ranar duk wacce aka kawo min tamomita nake fara ɗauka kafin fida.

Yadda ake ɗumamawa a hankali ne, cikin awa ɗaya zuwa biyu, kar a gasa ta. Ki saka ta cikin rigarki jikinta na taɓa naki, ko ki cika roba da ruwan ɗumi ki rufe tam ki naɗe ta da tawul ki ajiye a gefe ɗaya na kwali, ki bar ɗaya gefen ba ɗumi don in zafi ya yi mata yawa ta ja jiki ta matsa. Kar robar ta taɓa fatarta kai tsaye, suna ƙonewa ba su iya gudu ba. Cikin kwalin 'yar satin farko ana so ya kai digiri 30 zuwa 32, ta sati biyu zuwa uku kuma 27 zuwa 29. Ruwan robar nan yana hucewa, in ya huce kuma shi ne zai koma yana zuƙe mata ɗumi, don haka duk sanda kika tashi shayarwa ki canza shi.

Tana cikin ɗumama ki dama sukari ko gulukos da ɗan ruwa ya yi kauri, ki lakata da yatsa ki shafa mata a dasashi, ɗigo ɗaya ko biyu, ba ɗurawa ba. Hantarsu ba ta da ajiyar sukari, in suka yi amai suka rasa sha biyu sai sukarin jini ya faɗi, su yi laƙwas, wani lokacin har da karkarwa ko sanƙarewa. Kukan da kika ce ya rage ƙarfi yana iya zama wannan ne.

In ta yi ɗumi, bakinta ya yi ɗumi, kin saka yatsa kin ji tana tsotsa da ƙarfi, kuma an yi awa ɗaya zuwa biyu ba amai, sai ki gwada mil ɗaya ko biyu na ruwan ɗumi da aka tafasa ya huce mai ɗan sukari, ƙaramin cokali ɗaya a mil 100, ɗigo-ɗigo. In ya zauna, bayan rabin awa ko awa ki ba ta rabin abin da lissafin sikeli ya ba ki, madarar a ɗan tsinke ta fiye da yadda aka saba. Sha biyu ko uku a haka sai ki riƙa ƙarawa har ki koma daidai cikin yini guda. Kar ki wuce awa 24 kina ba ta tsinkakkiyar madarar don ba ta ƙosarwa. Kar kuma ki bar ta da azumi mai tsawo yadda ake yi wa babbar mage mai amai, su ba sa jurewa. In kuwa ba ta tsotsa, ba ta haɗiya, kanta na langaɓewa, to kar ki saka komai a bakinta sai shafin sukarin nan, ki kama hanyar asibiti da ita a cikin rigarki.

Madarar da kike ba ta

Madarar gari irin wacce mutane ke sha ta shanu ce, kuma an halicce ta ne don ɗan maraƙi. Nonon mage ya ninka na saniya a furotin, ya fi shi maiƙo, na saniya kuma ya fi yawan sukarin madara da ake kira laktos wanda hanjin 'yar mage ba ya iya sarrafa mai yawa. Sakamakon shi ne kumburi, zawo, amai, ga kuma rama duk da tana sha. Madarar jarirai ta mutane ma ba ta yi, furotin ɗinta ya yi ƙasa sosai. Abin da ake nema madarar da aka haɗa musamman don 'ya'yan maguna, irin su KMR ko ta Royal Canin, ana samu wajen likitocin dabbobi da masu kayan dabbobi. Ki bi awon da ke jikin gwangwanin daidai, ta KMR misali awo ɗaya na gari ne da biyu na ruwa. Kar ki ƙara gari wai don ta yi ƙiba, mai kauri tana sa ƙin kashi da amai. Ki dama har gudaji ya ɓace, in ya ƙi ki tace.

In yau ba ki samu ba, madarar akuya da aka tafasa ta huce, a kaɗa ɗan gwaiduwar ƙwai a ciki banda farin, tana iya riƙe ta kwana ɗaya ko biyu kafin ki samu ta gaskiyar. Ni ba na son a wuce haka da ita.

Ɗuminta ya zama kamar na jiki, wajen digiri 37 zuwa 38, ki ɗiga a cikin wuyan hannunki, in ba ki ji zafi ba ba ki ji sanyi ba ta yi. Wacce aka dama a firji ake ajiye ta kuma ba ta wuce awa 24, wacce aka riga aka ɗumama ta rage a sirinji zubarwa ake yi. In babu firji ki riƙa dama ta sha ɗaya kawai. Sirinji da kofi a wanke a zuba musu tafasasshen ruwa kowane lokaci, ɗan farin da ke maƙalewa a bakin sirinji nan ƙwayoyin cuta ke taruwa.

Madarar da ta fito ta hanci

Rungumar jariri da kike yi mata ki daina daga yau. Ki tuna yadda suke a jikin uwa, a kife suke, ciki a ƙasa, ƙafafun gaba suna dannan nono, kai a miƙe ba a ɗage sama ba. Haka za ki kwantar da ita a kan tawul, ki tallafi kan da yatsu biyu. A rigingine madara hanyar iska take bi, kuma su a kwanakin farko ba su iya tari su fitar da abin da ya sarƙe su da kyau. Sirinji mai mil 10 ma ya yi girma, turawa kaɗan sai ya feso da yawa, ki nemi mai mil 1 ko mil 3, ki saka ta gefen baki, ɗigo ɗaya ki jira ki ga maƙogwaro ya motsa sannan na gaba. In fida kika samu, hujin kan ya zama in kin kifa kwalbar madara na ɗigowa ɗaya bayan ɗaya a hankali, in tana zuba kamar famfo hujin ya yi faɗi, kuma ba a matsa kwalba a baki.

Duk sanda madara ta fito ta hanci ki tsaya nan take, ki ɗan sunkuyar da kanta ƙasa ki goge hancin, kar ki girgiza ta ko ki wujijjiga ta. Abin tsoron shi ne wacce ta riga ta shiga huhu, tana kawo nimoniya cikin yini ɗaya ko biyu. Tunda taki ta riga ta yi sau ɗaya, ki kara kunnenki a ƙirjinta a wuri shiru. In kin ji ƙara kamar ana murza leda, ko tana numfashi da baki a buɗe, ko cikin na shiga yana fita da ƙarfi, ko dasashi ya koma fari ko shuɗi-shuɗi, wannan ba na gida ba ne, sai maganin ƙwayoyin cuta daga likita, wani lokacin har da oksijin. Ki kuma haska fitilar waya ki leƙa ganɗarta, wasu ana haifarsu da tsaga a saman baki, irin waɗannan duk yadda aka gyara kwanciya madara sai ta fito ta hanci.

In kin gyara duk wannan aman bai tsaya ba

To sai mu koma kan cuta, kuma mutuwar uwar da 'yan uwanta biyu ta tsaya min a rai. In mota ce ta buge uwar su kuma yunwa da sanyi suka kashe su, wannan daban. In kuwa rashin lafiya ce ta kashe ta, dole a yi tunanin panlukopeniya, wata ƙwayar bairos ce 'yar gidan fabo na karnuka, tana cinye fatar cikin hanji ta kuma rushe fararen ƙwayoyin jini, alamunta amai, zawo mai wari wani lokaci da jini, da mutuwar jiki farat ɗaya. Ana iya gwada ta da kashi a asibiti cikin mintuna. Ƙwayar tana iya shekara guda a wuri ba ta mutu ba, sabulu ba ya kashe ta, sai ruwan bilic, wato wanda ake farar da tufafi da shi, awo ɗaya a awo 32 na ruwa a bar shi minti goma. In kina da wasu maguna a gida ki raba su da ita tun yanzu, ki wanke hannu tsakani.

Akwai tsutsar ciki da suke ɗauka ta nonon uwa, tana kumbura ciki tana sa amai, ana iya fara ba da maganinta daga sati biyu zuwa uku amma da awon nauyi, kuma ba a ba wacce ke cikin galabaita. Akwai ƙananan ƙwayoyin hanji irin su koksidiya masu kawo zawo. Akwai cutar da ke shiga jini ta cibiya, ki duba in wurin ya yi ja ko ya kumbura ko yana ruwa. Ki buɗa gashin cikinta ki duba ƙuma, a jiki ɗan wannan suna iya shanye jini har dasashi ya yi fari fat, da mataji mai ƙananan haƙora da hannu ake cire su. Akwai kuma waɗanda aka haifa da matsala a hanyar abinci, su galibi sai an fara ba su abinci mai kauri wajen sati huɗu zuwa biyar abin ke fitowa fili.

Ki riƙa lura da fitsarin da ke kan audugar nan. Na mai lafiya kusan ba shi da launi, in ya koma rawaya sosai ko ya yi kaɗan, ko kin taɓa dasashi kin ji yana danƙo maimakon santsi, ruwan jikinta ya yi ƙasa. Jan fatar wuya da ake yi wa manya ba ya nuna gaskiya a jarirai. Wacce ke amai ba za ki iya mayar mata da ruwa ta baki ba, likita ne zai yi mata ƙarin ruwa mai ɗumi ta ƙarƙashin fata, na sha ganin wacce aka kawo kamar tsumma ta ɗago kai ta fara neman nono bayan an yi mata wannan da ɗumi da sukari.

Maganar maganin amai

Babu wanda zan ce ki saya ki ba ta. Hantarta da ƙodarta ba su gama ƙosawa ba, awon da ya dace da mai giram 200 kuwa ɗan mitsitsi ne da ba a iya kintata shi a gida, kuma in aka danne aman ba a gyara dalilinsa ba an rufe ƙofar da take gaya mana halin da take ciki ne kawai. Farasitamol kisa ne ga mage ko babba ce, jikinsu ba ya iya sarrafa shi, ko gutsure kar ya kusance ta. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin shi ma guba ne gare su. Sirof ɗin yara na amai ko na zawo, ragowar antibayotik da ke gida, duk ki bar su inda suke.

Ni daga nan rubutu kawai nake karantawa, ban taɓa cikinta na ji ko iska ce ko kashi ne ba, ban saurari huhunta ba, ban auna zafinta ba, kuma waɗannan ukun su ne za su raba tsakanin wacce gyaran shayarwa kaɗai zai ishe ta da wacce ke buƙatar allura yau. Zan kuma gaya miki gaskiya don kar ki ɗora wa kanki laifi in abin ya zo da ƙarar kwana, marayun da suka rasa uwa da wuri akwai waɗanda ake yi musu komai daidai kuma su tafi, musamman in ba su samu dakashi isasshe a ranar farko ba, don ta nan suke samun kariyar jiki. Amma da yawa daga cikin waɗanda aka kawo min da irin labarinki, da aka rage awo aka ƙara yawan lokutan sha aka kifa su aka ɗumama su aka canza madara, aman ya tsaya cikin yini guda.

In za ki tafi asibiti ki saka ta a ƙaramin kwali da robar ruwan ɗumin a naɗe, ki tafi da gwangwanin madarar da sirinjin da kike amfani da su, da hoton aman, da audugar kashinta na ƙarshe a leda in akwai. Ki rubuta ƙarfe nawa ta sha na ƙarshe, mil nawa, da ƙarfe nawa ta yi kowane amai. In kin samu sikeli ki turo min nauyinta na yau, in lissafa miki mil nawa za ki ba ta a kowane sha na daren nan.